Sauya Jirgi a Babban Filin Jirgin Sama Idan Lokaci Ya Ƙure

Sauya jirgi shi ne matafiyi ya sauka daga jirgin sama a wata ƙasar da ba ita ya nufa ba, ya hau wani jirgin da zai ƙarasa da shi inda za shi. Mafi yawan masu tashi daga Kiyawa da Dutse da Jahun da Birnin Kudu zuwa ƙasashen waje sai sun bi ta wannan mataki. Alhazan da hukumar jin daɗin alhazai ta jiha ke kwasa daga filin jirgin sama na Dutse, wanda aka buɗe a 2014, su ne suka huta da shi, domin jirginsu daga gida sai Saudiyya. Amma mai zuwa Umara da kuɗin aljihunsa, da ɗan kasuwar da ke sarin kaya a Dubai ko Guangzhou, da ɗalibin da aka tura karatu, da mai raka mara lafiya asibitin Alƙahira ko Indiya, galibi hanyarsu ɗaya ce: a kama titin Shuwarin zuwa Wudil, a shiga Kano, a tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ko kuma a zarce Abuja ko Legas. Daga Kano, jirgin Ethiopian yana ya da zango a Adis Ababa, na EgyptAir a Alƙahira, na Qatar Airways kuwa, wanda ya fara zuwa Kano a 2022, a Doha. Daga Abuja da Legas akwai na Turkish Airlines da ke bi ta Istanbul, sannan Emirates na tashi daga Legas ya bi ta Dubai.

Dalilin wannan tsari kasuwanci ne. Babu kamfanin da zai iya cika jirgi kullum daga Kano zuwa kowane birni na duniya, don haka kowannensu yakan tara fasinjojinsa a cibiya guda, sannan ya rarraba su. A Adis Ababa, jiragen da suka kwaso mutane daga biranen Afirka sukan sauka kusan a jere daga almuru zuwa bayan isha, cikin dare kuma jiragen Asiya da Gabas ta Tsakiya da Turai su tashi su ma a jere. Ke nan a daidai lokacin da mutumin Kiyawa ya sa ƙafarsa a filin Bole na Adis Ababa, dubban mutane ne suka sauka tare da shi, kowa na neman tasa ƙofar, layin bincike kuma ya riga ya miƙe.

Wanda ya saba sauya mota a Shuwarin ya san direba ba ya tashi sai mota ta cika, in kuma fasinja ya zagaya alwala, kwandasta zai ƙwala masa kira, a jira shi. Jirgin sama ba shi da wannan kara. An tsaga masa lokacin tashi a cikin jerin jirage masu yawa, kuma in ya saki nasa lokacin sai ya jira wani. Ko da jakar fasinja ta riga ta shiga cikin jirgi, in mai ita bai bayyana ba, dokar tsaro ta tanadi a sauke jakar a tafi a bar shi.

Mafi yawan abin da zai faru a filin Adis Ababa ko Doha tun a ofishin ejan ake yanke shi, ranar da aka sayi tikiti. Tikiti iri biyu ne. Akwai tikiti guda wanda ya ɗauki tafiyar baki ɗaya, daga Kano zuwa Jidda alal misali, ko da jirage biyu za a hau; shi yana da lambar rajista ɗaya tak, mai haruffa da lambobi shida. Akwai kuma tikiti biyu daban daban da aka haɗa da hannu domin a rage kuɗi: wannan ya kai mutum Alƙahira, wancan ya ɗauke shi daga Alƙahira zuwa gaba. A kan takarda kamar abu ɗaya ne, amma a ranar da jirgin farko ya makara bambancin ke fitowa. Mai tikiti guda, kamfani ne ya ɗauki alkawarin kai shi ƙarshen tafiyarsa, saboda haka in jinkirin jirginsu ya sa ya rasa na biyu, su ne za su sa shi a jirgi na gaba ba tare da ya ƙara ko kwabo ba. Mai tikiti biyu kuwa, kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. A wurinsu mutum ne da bai zo ba, kuma bisa ƙa'idar mafi yawan kamfanoni, wanda bai hau jirgin tafiya ba akan soke masa sauran tikitin har da na dawowa. Ƙari a kan haka, dole ya karɓi kayansa a tsakiyar hanya ya sake kai su awo, abin da ba ya yiwuwa sai ya wuce jami'an shige da fice, wato sai yana da bizar ƙasar. Rangwamen da ake samu a tikiti biyu bai kai wannan kasadar ba, musamman ga wanda bai taɓa fita ba. Tambayar da ta kamata a yi wa ejan kafin a biya kuɗi gajeriya ce: tikiti ɗaya ne, kuma kayana za su wuce har ƙarshe?

Kowane babban fili yana da mafi ƙarancin lokacin da aka amince mutum da kayansa za su iya sauya jirgi a cikinsa. A da yawa daga cikin manyan filaye yakan kama daga minti 45 zuwa minti 90, kuma kwamfutar kamfani ba ta sayar da tikiti guda da tazarar da ta gaza haka. Sai dai an auna wannan lokaci ne da lafiyayyen mutum mai sauri, wanda ya san hanya, wanda kuma jirginsa ya sauka a kan kari. Ba a auna shi da dattijuwar da gwiwa ke damunta ba, ko uwa mai goyo da yara biyu a hannu. Ga irin waɗannan, da duk wanda wannan ce fitarsa ta farko, tazarar sa'a uku ta fi kwanciyar hankali, ko da za a gaji da zama. A watannin hunturu ma ya kamata a ƙara, domin daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe sararin Kano har jirage su yi jinkirin sauka da tashi.

Wanda zai fara da jirgin cikin gida ya ƙara yin hattara. A Legas, gine-ginen jiragen cikin gida da na ƙasashen waje ba a haɗe suke ba. Sai an karɓi kaya, an fita, an shiga mota an bi titi, titin kuma na Legas ne. A Abuja sun fi kusa da juna, amma a can ma sai an karɓi kaya an sake awo, kuma kantar awon jiragen waje takan rufe kamar sa'a guda kafin tashi. Tunda tikitin cikin gida kusan kullum daban yake da na waje, mafi aminci shi ne a isa garin tun da sassafe in jirgin na dare ne, ko kuma a kwana a can.

Sai batun biza. A Adis Ababa da Doha da Istanbul da Dubai, mai tikiti guda wanda ba zai fita daga zauren matafiya ba, ba a neman bizar ƙasar a hannunsa. A Turai abin ya sha bamban. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da sai ɗan ƙasar ya mallaki bizar wucewa kafin ya sauya jirgi a filayen yankin Schengen, irin su Paris da Frankfurt da Amsterdam, ko da ba zai taka wajen filin ba, sai fa in yana riƙe da wata bizar da ke ɗauke masa wannan sharaɗi, kamar ta Amurka ko Kanada. Ingila ma tana da irin wannan doka tata. Amurka kuwa ba ta da zauren wucewa sam: duk wanda ya sauka sai ya bi layin shige da fice da bizarsa, ya karɓi kayansa a filin farko, ko da wata ƙasar ya nufa. Wanda ba shi da takardar da ake bukata, tun a Najeriya kamfani zai hana shi hawa. Katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa, shi ma ya zauna tare da fasfo, domin ana iya tambayarsa a hanya.

Agogo ya fi komai rikita sabon matafiyi. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, lokacin garin da abin zai faru ne. Adis Ababa da Doha da Istanbul da Jidda suna gaban Najeriya da sa'a biyu, Dubai da sa'a uku, Alƙahira da sa'a ɗaya, amma a watannin zafinsu, da suke tura agogo gaba, sai ta zama biyu. Mutumin da ya sauka Adis Ababa agogon hannunsa na nuna ƙarfe bakwai, a can tara ta yi. In jirginsa na ƙarfe goma ne ya samu kujera ya miƙe ƙafa yana lissafin saura sa'a uku, to an riga an fara shiga. Wayar da babu layi a cikinta ba lalle ta gyara kanta ba, don haka agogon bangon filin da wanda ke jikin allon jirage su ne abin dogaro. Wani abin kuma da ya keɓanta da Habasha: mutanen ƙasar suna fara ƙirga sa'o'insu ne daga wayewar gari, abin da ake kira ƙarfe bakwai na safe su ƙarfe ɗaya ne a wurinsu. Filin jirgin yana aiki da agogon duniya, amma mai shago ko mai shara da aka tambaya lokaci zai iya amsawa da nasu lissafin. Sannan tikiti yana amfani da ƙirgen sa'a 24. In an rubuta 13:30, ɗaya da rabi na rana ke nan. In an rubuta 01:30, ɗaya da rabi na dare ne, kuma kwanan watan da ke jikinsa ya riga ya shiga. Jirgin 01:30 na ranar Talata, a daren Litinin ake zuwa masa.

A kantar awo ta Kano, mai tikiti guda yakan karɓi katin shiga jirgi biyu, na farko da na biyu. In ɗaya aka ba shi, ya tambaya, domin rashin na biyu yana nufin sai ya tsaya wani layin a tsakiyar hanya. Ya kuma dubi doguwar takardar da aka liƙa wa jakarsa kafin ta shige. Haruffa uku ne manya a jikinta, su ne sunan filin da za a sauke ta: JED Jidda, MED Madina, DXB Dubai, CAN Guangzhou. In mai zuwa Jidda ya ga ADD kaɗai ko CAI kaɗai, to kayansa a Adis Ababa ko Alƙahira za su tsaya, kuma a nan gaban kanta ne gyaran ke da sauƙi. Ƙananan rasit ɗin kaya da ake mannawa a bayan kati ko fasfo, a ƙirga su, yawansu ya zo daidai da yawan jakunkuna. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A Disambar 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Madina saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka sa wa sunanta ba da saninta ba, kuma sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan binciken hukumar NDLEA ya nuna ba tata ba ce. Saboda wannan dalilin ne ma ba a karɓar saƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, ko daga wa ya fito.

A wannan kanta ne kuma ake neman kujera ta gaba gaba, kusa da hanya, in tazarar gajeriya ce. Babban jirgi yana ɗaukar mutum 250 ko fiye, kuma tsakanin fitar na gaba da na can ƙurya akan sami minti goma zuwa sha biyar. Dattijo ko mara lafiya a nema masa keken turawa tun lokacin sayen tikiti, aƙalla kwana biyu kafin tafiya. Kyauta ne, kuma ma'aikacin da zai tura shi ya san gajeriyar hanya, ya san layin da ba a jira. Akwai dattawan da ke ƙin keken don kunya, su ce ai da ƙafarsu suke zuwa gona. Gaskiya ne, amma tafiyar da ke cikin waɗannan gine-gine takan wuce kilomita guda a kan santsin tayil, bayan an kwashe sa'o'i a zaune ƙafa ta yi nauyi.

Jakar hannu ta zama ƙarama, mara nauyi. Fasfo, katin shiga jirgi, magungunan da ake sha kullum tare da takardar likita, caja, batirin cajin waya wanda doka ta hana sawa a kayan awo, da kaya canji ɗaya, su ne nata. Mai zuwa Umara ya sa haraminsa a ciki. Ban da kuɗi da zinariya da takardun makaranta da na asibiti, abin da ya rage ya tafi awo.

Ga yadda lokaci ke zagwanyewa. A ɗauka tikiti ya nuna sauka 20:15, tashi 21:45. A ido sa'a ɗaya da rabi ce. Amma ƙofar shiga jirgi ana rufe ta minti 15 zuwa 20 kafin lokacin tashi; in aka ɗauki 20, saura minti 70. Daga taɓa ƙasa zuwa tsayawar jirgi a mazauninsa, minti goma. Fitowa daga kujerar baya, sha biyar. In jirgin ya tsaya nesa da gini, kamar yadda yakan faru a Adis Ababa da Alƙahira da Doha, sai an jira bas ta cika ta kai mutane, wasu goman ke nan. Saura 35. Layin bincike ya ci sha biyar, tafiya zuwa ƙofa ta ci goma. Abin da ya rage wa matafiyi na kansa minti goma ne, in komai ya tafi daidai. Saboda haka lokacin da ya kamata ya riƙe a ka shi ne na fara shiga jirgi, wanda aka buga a jikin kati, ba na tashi ba.

Kafin jirgi ya fara gangarowa, mai gajeriyar tazara ya shiga bayan gida, ya haɗa kayansa, ya nuna wa ma'aikaciyar jirgi katinsa na biyu. Ba kullum take da abin yi ba, amma wani lokaci takan matsar da shi gaba, ko ta sanar da ma'aikatan ƙasa. A wasu filayen akan tarar da ma'aikaci a bakin jirgi riƙe da allo yana kiran sunan gari, Jidda ko Mumbai ko Guangzhou. Duk wanda ya ji garinsa ya bi shi.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne bin ayari. Mutanen da suka fito daga jirgi ɗaya ba wuri ɗaya za su ba: wasu sun iso gida, za su wajen karɓar kaya da fita, wasu kuma wucewa za su yi. Mai sauya jirgi alamar da aka rubuta Transfer ko Transit ko Connecting Flights yake bi. Wadda aka rubuta Arrivals ko Baggage Claim ta masu fita gari ce. Wanda ba ya karanta boko ya sa a rubuta masa waɗannan kalmomi manya a takarda tun daga gida, ya riƙa gwadawa da abin da ke sama. A Alƙahira da Doha da Dubai da Jidda alamun suna ɗauke da Larabci, abin da ke taimakon wanda ya yi karatun allo. Da an ga allon jirage na farko a tsaya a duba, ko da an buga lambar ƙofa a kati, domin ƙofa tana sauyawa. A nemi jirgi da lambarsa, ba da sunan gari kaɗai ba, saboda jirage biyu ko uku na iya tashi zuwa Jidda a dare ɗaya. Haruffa biyu na farkon lambar su ne kamfani: ET Ethiopian, MS EgyptAir, QR Qatar, TK Turkish, EK Emirates, SV Saudia.

Filayen ba girmansu ɗaya ba. Na Bole a Adis Ababa, wanda aka faɗaɗa a 2019, bai kai sauran tsawo ba, matsalarsa cunkoson dare ne. Garin kuma yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, don haka mai hawan jini ko ciwon ƙirji da ya ce zai yi gudu zai ji numfashinsa na sama sama. Filin Hamad na Doha, wanda ya fara aiki a 2014, yana da wani ƙaton mutum-mutumin beyar mai ruwan ɗorawa a tsakiyar zaurensa, daga nan hanyoyin ƙofofi suka rarrabu bisa haruffa, akwai kuma ƙaramin jirgin ƙasa a cikin ginin da ke rage tafiya zuwa ƙofofin nesa. Sabon filin Istanbul, wanda aka koma cikinsa a 2019, gini ɗaya ne mai faɗin murabba'in mita kusan miliyan 1.4, daga wannan reshe zuwa wancan sai a yi minti ashirin ana tafiya. Ɗaliban da ke karatu a arewacin Cyprus ta Turkiyya kaɗai jirginsu ke bi. Na Dubai ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 92 a 2024, kuma wanda ya sauka da Emirates zai ci gaba da flydubai zai iya samun kansa a bas zuwa wani gini a ɗaya gefen filin. A duk waɗannan wurare lambar ƙofa tana zuwa da harafi, kuma harafin ake fara nema kafin lambar.

Binciken tsaro na tsakiyar hanya yakan zo wa mutane ba zato, don suna ganin ai an bincike su a Kano. Tun 2006, bayan gano wani shirin kai hari da ruwan sinadari a Landan, a mafi yawan filaye ba a barin abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Ruwan sha da aka ɗauko daga jirgi, turare babban kwalba, man shafawa, zuma, man shanu, duk akan karɓe su, kuma gardama a kansu ɓata lokaci ne kawai. Ruwan zamzam ma a dawowa ta awo yake bi, cikin mazubinsa na lita biyar da aka rufe. Tun mutum yana cikin layi ya kwashe waya da makulli da tsabar kuɗi da agogo ya zuba a jaka, ya kwance bel, ya fito da kwamfuta in yana da ita. Mai babbar riga ya laluba aljihun ciki, domin carbi mai ƙarfe ko ɗan makulli da aka manta ya isa ya sa na'ura ta yi ƙara a dawo da shi baya. Mata masu awarwaro da sarƙa da yawa gara su adana su a jaka tun cikin jirgi, kuma macen da za a laluba tana da damar neman mace ta yi. In layin ya yi tsawo lokaci kuma ya ƙure, a nuna wa jami'i kati cikin ladabi. Sau da yawa akan wuce da mutum gaba.

Bayan bincike, ƙofa ake nufa kai tsaye. Sai an gan ta da ido, an tabbatar lambar jirgin ce a allonta, sannan a nemi bayan gida ko shayi ko masallaci mafi kusa. Wasu manyan filaye, ciki har da Dubai, sun rage sanarwa ta lasifika, saboda haka ba a zama jiran a kira suna. 'Yan rukuni ɗaya su yi alkawari tun cikin jirgi cewa wanda ya ɓace a haɗu a ƙofa, kowa kuma ya riƙe fasfonsa da katinsa a jikinsa. Al'adar tara fasfon mutum goma a jakar shugaban tafiya tana da haɗari: in shi ya makara, duka sun makara.

Salla da harami suna bukatar shiri tun daga gida. Akwai wuraren salla a duk filayen da aka ambata, amma wani yana da nisa da ƙofa, wurin alwala kuma yakan cika. Shari'a ta yi wa matafiyi rangwamen kasaru, malamai kuma sun yi bayanin halayen da ake haɗa salloli biyu, don haka ya dace mutum ya zauna da malaminsa kafin tafiya, da tikitin a hannu, su duba waɗanne salloli ne za su riske shi a hanya. Mai Umara da zai sauka Jidda ya wuce Makka, jirginsa zai ratsa daidai miƙati yana sama, saboda haka ake so ya riga ya ɗaura harami. Masu tazara mai tsawo sukan ɗaura a filin da suka ya da zango. Mai sa'a ɗaya da rabi ba shi da wannan sukunin. Ko dai ya ɗaura zanen tun daga Kano ya bar niyya sai an kusa miƙati, ko ya sauya a cikin jirgi na biyu da wuri, kafin layin bayan gida ya taru. Wanda zai fara sauka Madina ba shi da wannan damuwa, domin a Zul Hulaifa zai ɗaura in zai tafi Makka.

In duk da haka aka tarar an rufe ƙofa, ma'aikacin ƙofa ba shi da ikon buɗewa, roƙo da faɗa ba sa sauya komai. Wurin zuwa shi ne teburin masu sauya jirgi na kamfanin, a cikin zauren, ba tare da an fita ta shige da fice ba. A je da sauri, domin kujerun jirgi na gaba na waɗanda suka riga isa ne. Mai tikiti guda da jinkirin jirgin farko ya jawo masa, za a ba shi sabon kati, kuma yana da kyau ya tambayi abinci da masauki in jiran zai kai kwana, ya kuma tabbatar an mayar da kayansa kan sabon jirgin ta hanyar nuna rasit ɗinsu. In kuwa shi ya yi sakaci, ya tsaya sayayya ko barci ya ɗauke shi, kamfani na iya cajinsa kuɗin sauyi. Ya sanar da ejan da mai tarbarsa. Galibin waɗannan filaye suna da intanet kyauta, ana iya aika saƙo ta WhatsApp ba tare da layin ƙasar ba. Ya adana katunan shiga jirgi da rasit na duk abin da ya kashe. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke cikinta, ta ɗora wa kamfani alhakin asarar da jinkiri ya jawo, sai in ya nuna ya yi duk abin da zai iya don kauce masa. Ga jirgin da ya tashi daga ƙasar Tarayyar Turai, ko na kamfanin Turai da ya nufi can, dokarsu mai lamba 261 ta 2004 ta tanadi diyyar da ke kaiwa Yuro 600 a doguwar tafiya in an isa a makare da sa'a uku ko fiye, muddin ba wani abin da ya fi ƙarfin kamfani ne ya jawo ba. A gida kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, tana da sashen karɓar ƙorafin fasinjoji a manyan filayen ƙasar.

Wani lokaci mutum yakan kai ga jirgi da gudu amma jakarsa ba ta kai ba, domin ita sai an sauke ta, an tantance, an sake lodawa. Wanda bai ga kayansa a kan bel ba, kada ya bar zauren karɓar kaya sai ya je teburin kayan da suka ɓata, ya nuna rasit, an cike masa takardar rahoto, an ba shi lambar bibiya, ya kuma bar adireshin masaukinsa da lambar da za a same shi. Mafi yawan irin waɗannan jakunkuna suna biyo jirgi na gaba. Bisa yarjejeniyar Montreal, jakar da ta iso a lalace ana rubuta ƙorafinta cikin kwana 7, wadda ta iso a makare cikin kwana 21 daga ranar da aka karɓe ta, wadda kuma ta kwana 21 ba ta iso ba ana iya neman diyyarta a matsayin ɓatacciya. Diyyar tana da iyaka, wajen dalar Amurka 2,000 ga fasinja ɗaya komai yawan kayansa, saboda haka kuɗi da zinariya da takardun makaranta da na asibiti a jakar hannu ake riƙe su.